Daga Tattasai Zuwa Ɗanyen Mai: Yadda Kasuwancin Diffa Ke Ƙetare Iyaka

A kwarin Komadugu, manomi na ban ruwa da injin da aka sayo daga Najeriya, ya tsinke tattasai, ya shanya shi har ya yi jajawur, ya ɗura a buhu. Dillalai su loda a mota zuwa Damasak da Maiduguri, ciniki kuma galibi da naira ake yi, ba da sefa ba. Don haka in naira ta faɗi, aljihun manomin Diffa ne ke fara ji.

Da rikicin Boko Haram ya sa aka kafa dokar ta-ɓaci a 2015, an hana cinikin tattasai da bandar kifin Tafkin Chadi, kasuwa ta durƙushe.

A arewacin jihar Diffa kuwa, kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke haƙar mai a Agadem. Tun 2011 ake tace shi a matatar SORAZ kusa da Damagaram, a 2024 kuma aka fara fitar da ɗanyensa ta bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme a Benin. Saɓanin siyasa tsakanin Yamai da Kwatano ya taɓa tsayar da lodin. Babban kamfani da ƙaramin manomi, duk lafiyar iyaka suke dogaro da ita.