Man da Muke Ƙonawa: Daga Ina Ya Fito, Ina Hayaƙinsa Yake Zuwa?

Yawancinmu saninmu da man fetur bai wuce bakin famfon gidan mai ba, ko galan ɗin ɗan bumburutu a gefen titi. Farashinsa kam mun haddace, musamman tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an janye tallafi a Nijeriya. Amma ka tambayi mutum daga ina wannan ruwa mai kama wuta ya samo asali, ko ina hayaƙinsa yake tafiya bayan ya fita daga salansa, sai ya ce maka daga ƙasa ake haƙo shi, hayaƙin kuma iska ta kwashe. Amsar farko rabin gaskiya ce. Ta biyu kuwa ita ce kuskuren da ke cin rayuka.

Masana ilimin ƙasa sun ce ɗanyen mai da iskar gas da kwal duk 'yan gida ɗaya ne, ragowar halittu ne da suka rayu suka mutu miliyoyin shekaru da suka wuce. Mai da gas galibi daga ruwa suka faro. A cikin teku akwai wasu mitsi-mitsin tsirrai da dabbobi da ido ba ya gani. Idan suka mutu sai su nutse ƙasa su cakuɗe da laka, kuma da yake babu isasshiyar iska a can, ba sa ruɓewa su ƙare. Koguna na ta kwaso yashi da taɓo suna jibgewa a kansu, wani bisa wani, har su binnu a zurfin kilomita biyu ko uku ko fiye. Can ƙasa akwai nauyi, akwai zafi. Idan zafin ya kai tsakanin digiri 60 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma daɗe a haka, ragowar takan rikiɗe ta zama mai. In ya zarce haka sai ta koma gas.

Mutane da dama na zaton akwai wani tafkin mai kwance a ƙarƙashin ƙasa. Ba haka abin yake ba. Man yana maƙale ne a cikin 'yan kofofin dutse, kamar yadda soso ke riƙe ruwa, yana ta tsiyaya zuwa sama har sai ya ci karo da dutsen da ba ya huduwa, sai ya taru a ƙarƙashinsa. Irin wannan matattara injiniyoyi ke nema. Shi ya sa yankin Neja Delta ya yi arzikin mai, don kogin Kwara ya daɗe yana zube laka a bakin teku. Man da ake haƙowa a Agadem, tsakiyar hamadar gabashin Nijar, shi kuma shaida ce cewa wurin da yau raƙumi ke ratsawa ya taɓa zama ƙarƙashin ruwa.

Kwal daga tudu ya fito. Dazuzzuka ne na fadama da itatuwansu suka faɗi cikin ruwa, ƙasa ta binne su, nauyi ya matse su har suka zama baƙin dutse mai cin wuta. Kaso mai yawa na kwal ɗin duniya ya samu ne kimanin shekaru miliyan 300 da suka shuɗe. Kada a haɗa shi da gawayin da ake toyawa daga itace a sayar a buhu. A Nijeriya an gano kwal a yankin Udi kusa da Inugu a 1909, kuma don fitar da shi Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa layin dogo zuwa Fatakwal. A Nijar har yau kamfanin SONICHAR na haƙar kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin, yana ba yankin Agadas wutar lantarki. Abin lura shi ne, duk abin da aka ɗiba ba ya mayar da kansa, domin rayuwar ɗan Adam ba ta isa jiran dahuwar wani sabo ba.

Amfaninsu ba ya buƙatar dogon bayani. Daga ɗanyen mai ake tace fetur da dizal da kananzir da man jirgin sama, a samu kwaltar titi, a yi leda da bokitin roba da takalmin silifa. Mafi yawan lantarkin Nijeriya da gas ake samar da ita. Manomi ma da bai taɓa mallakar babur ba yana ciki, tunda takin yuriya da yake zuba wa masara daga iskar gas ake yin sa. Don haka duk mai cewa a daina amfani da mai gobe da safe, bai san yadda buhun shinkafa ke zuwa kasuwa ba.

Sai dai illar tana nan, kuma mafi kusa da mu tana cikin gida. Magariba ta yi, an ɗauke wuta, hadari ya haɗo. Maigida ya ja janareta ya shigar da shi zaure ko lungun baranda, don kada ruwa ya dake shi, ko don tsoron ɓarayi. Aka rufe ƙofa, aka saki labule, fanka na juyawa, yara suka kwanta. A cikin hayaƙin injin nan akwai wata guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Idan an shaƙe ta, jini ya fi ƙarfin kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya rasa iska alhali mutum yana numfashi. Alamominta ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Wanda yake barci ba ya ma jin ko ɗaya. Da safe maƙwabta su ɓalle ƙofa su tarar da gida guda a kwance, sai a fara cewa ai abincin dare ne, ko sammu, ko aikin aljanu. Janareta wurinsa waje ne, nesa da taga da ƙofa, salansarsa na kallon inda ba kowa. Kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu a rufe ƙofa, shi ma wannan gubar yake fitarwa. Idan mutanen ɗaki suka fara ciwon kai tare, a kashe inji, a fitar da kowa fili, a garzaya asibiti.

Illa ta biyu ita ce tankar mai idan ta faɗi. A watan Oktoban 2024 a garin Majiya na jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu bayan da wuta ta tashi ana tsaka da kwasar man da ya malale. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana taruwa a kwata da rami, kuma ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Talauci gaskiya ne, amma jarka ɗaya ba ta kai ran mutum ba.

Wanda yake son ganin abin da haƙar mai ke yi wa ƙasa, ya duba Kudu. An samu mai a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni. A Nisisioken Ogale an tarar mutane na shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, wanda ke haddasa cutar daji, ninki fiye da 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Rahoton ya ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Masunta sun rasa kifi, gonaki sun mutu. Ga kuma gas ɗin da ake ƙonewa a banza dare da rana a bakin rijiyoyin mai, duk da cewa doka ta hana tun 1984, a ƙasar da mata ke girki da itace.

Hayaƙin da ya tashi sama shi ma bai ɓace ba. Duk ƙona mai ko kwal na sakin iskar kabon dayoksaid, wadda ke taruwa a sararin samaniya tana hana zafin rana komawa inda ya fito. Kafin zamanin masana'antu yawanta kimanin kashi 280 ne cikin miliyan, yau ya haura 420, kuma zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya. Afirka baki ɗaya hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, amma Sahel na cikin masu ɗanɗana kuɗarsu. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali. Damina ta rikice, ta makara ko ta zo da ambaliya. Ba kowace ambaliya ko fari za a ɗora wa hayaƙi ba, don akwai sare itatuwa da toshe magudanai da rashin kula da madatsun ruwa, waɗanda duk aikin hannunmu ne.

Yanzu maganar mai ta iso Arewa. A Nijar, matatar mai ta SORAZ na aiki kusa da Damagaram tun 2011, kuma a Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. An yi ta murna, ba laifi. Amma mutanen garuruwan da abin ya shafa su sani cewa dokar man fetur ta Nijeriya ta 2021 ta wajabta wa kamfani ya zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa na shekara a asusun raya al'ummar da yake haƙa a ƙasarta. Ya kamata dagatai da masu unguwanni su nemi a auna ruwan rijiyoyi da ƙasar gonaki tun kafin aiki ya kankama, a ba su takardar sakamakon su adana. Ranar da ruwa ya sauya ɗanɗano, takardar nan ce za su ajiye a gaban alƙali.