Umara da Jariri: Kada Ki Cika Akwati da Famfas

Duk Ramadan sai na ga mata a filin jirgin Malam Aminu Kano sun ɗauki rabin akwati famfas, kamar daji za su. Ni ma uwa ce, na san fargabar. Amma Makka da Madina ba su rasa famfas ba.

Kantunan magani irin su Nahdi da Al-Dawaa suna ko'ina, ga Bin Dawood a ƙasan dogon benen agogo, daf da Harami. Za ki samu Pampers da Huggies, da BabyJoy wadda ake yi a can Saudiyya, kuma ni dai ban ga ta gaza sauran ba. Abin lura shi ne lamba. Kamfanoni kan sha bamban, don haka ki riƙe nauyin ɗanki a ka. Yaro mai kilo 10 yawanci lamba 4 ce tasa, amma duba abin da aka rubuta a jikin ledar.

Kusa da Harami kaya sun fi tsada, kuma wasu shaguna kan rufe da an kira sallah, sai ki sayo tun da hantsi.

Na hanya kuwa, daga gida za ki tanade shi. Jirgi zuwa Jidda wajen awa biyar ne, ga layin shige-da-fice, ga motar Makka. Ki zuba na kwana biyu a jakar hannu, da tsumman gogewa, da man shafawa saboda zafin can yana sa ƙurajen gumi.