Kiɗa a Dandalin da Ba Kowa: Pink Floyd a Pompeii

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu kudancin Italiya, kusa da birnin Naples, inda wasu samari huɗu 'yan Ingila suka kafa kayan kiɗansu a watan Oktoba na 1971, suka yi wasa babu ɗan kallo ko guda. Sunan ƙungiyar Pink Floyd. Fim ɗin da aka ɗauka kuwa, Live at Pompeii, ya fito a 1972, kuma ina cikin waɗanda har gobe ba sa gajiya da kallonsa.

Pompeii tsohon garin Rumawa ne, wanda dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne shi da toka a shekara ta 79 miladiyya. A gefen garin akwai zagayayyen dandali na dutse mai cin mutum wajen 20,000, inda a da ake taruwa kallon mayaƙa suna gwabzawa. Nan ne mai ba da umarni, Adrian Maben, ya zaɓa. A lokacin, fina-finan kiɗa irin su Woodstock na 1970 sun fi mayar da hankali kan cincirindon jama'a, da ihu, da tafi. Maben ya ce shi ba ya son ko ɗaya. 'Yan ƙungiyar su ma suka kafa nasu sharaɗin: kiɗan gaske za su yi, ba za a sa faifai su riƙa motsa baki ba. Aka kwaso manyan lasifikokinsu tun daga Ingila, sai wutar lantarkin wurin ta kasa ɗauka. Kwanaki suka salwanta kafin a ja doguwar waya daga cikin gari, aikin da aka tsara na kwana shida ya koma na huɗu.

To, me ke ɗaure mai kallo a wannan fim? Hannuwa. A wurinmu, makaɗi na samun ƙarfi ne daga masu yi masa kari da masu guɗa. Waɗannan kuwa ba su da wanda za su burge, saboda haka kowa ya duƙufa kan abin da ke gabansa, kyamara ta matso har kana ganin yadda ake ƙera sautin.

Da waƙar Echoes aka buɗe. Kyamara na can nesa, mutanen ƙanana a tsakiyar fili, sai ta riƙa matsowa sannu a hankali, piyanon Richard Wright na ɗigo da sauti ɗaya siriri. Kafin ka ankara ga David Gilmour ba riga, rana na dukansa, iska na watsa masa gashi a fuska, shi da Wright sun haɗa murya a hankali. Waƙar ta haura minti 23 a faifansu Meddle, shi ya sa aka raba ta biyu, rabi a farkon fim, rabi a ƙarshe.

A wata waƙar, A Saucerful of Secrets, Gilmour zama ya yi a ƙasa cikin ƙura, jita a gabansa, yana jan ƙarfe a kan tsirkiyoyinta har tana kuka. Roger Waters ya nufi wani ƙaton faifan tagulla da ke rataye, rana na bayansa, inuwarsa kaɗai ake gani, yana dukansa iya ƙarfinsa.

Amma inda zuciyata ta fi tsayawa shi ne One of These Days, da aka ɗauka da dare. Kusan duk waƙar mai ganga ake nunawa, Nick Mason. Ana tsakiyar kiɗa mai zafi sandarsa ɗaya ta kuɓuce, ta yi sama. Bai dakata ba. Ya zaro wata ya ci gaba, kiɗan bai ko girgiza ba. Da a gaban dubban mutane ne, da wuya wani ya lura. A nan kuwa kai kaɗai ne shaida, kuma wallahi duk lokacin da na zo wurin sai tsigar jikina ta tashi.

Gaskiya ba dukan fim ɗin aka ɗauka a Pompeii ba. An ƙarasa wasu waƙoƙi a ɗakin ɗaukar hoto a Faris, har da wadda aka sa wata karya tana kuka ana bin ta da kiɗa. A 1974 aka ƙara hotunansu a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan, suna aikin faifan The Dark Side of the Moon, suna hira a wurin cin abinci. Wannan ƙari ya yi mini, domin ka ga samari ne da ba su san girman abin da ke tafe ba. Wanda bai yi mini ba shi ne na 2003, da aka cusa hotunan sararin samaniya na kwamfuta, suka raba ido da hannuwan makaɗa.

Wright ya rasu a 2008. Gilmour ya koma dandalin a 2016, wannan karo da 'yan kallo. A 2025 kuma aka sake fitar da tsohon fim ɗin a gidajen sinima, an wanke hotonsa tas daga ainihin faifan farko, Steven Wilson ya sake haɗa sautin.

Hoton dai ba zai zo muku ta rediyo ba, amma sautin zai zo. Ku ɗan ƙara murya, domin farkonsa a hankali yake. Ga rabin farko na Echoes.