FAƊAKARWA GA AL'UMMAR KUKI DA KEWAYE KAN GARA, SATAR BAYANAI DA TALLAR YAUDARA

Gabatarwa

A wannan shafi na wayar da kan jama'a muna son mu jawo hankalin al'ummar Kuki ta ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, da maƙwabtansu na ƙaramar hukumar Kurfi, a kan abubuwa uku da ke cinye dukiyar magidanci bai ankara ba. Abubuwan su ne gara, da masu satar bayanan mutum domin yin sojan gona da sunansa, da kuma masu shigowa gari ko bugo waya da tallar da ba a neme su da ita ba.

Wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu ba sa fasa ƙofa, ta kafar da mai gida ya bari suke shiga, kuma ba a ganin ɓarnarsu sai aikin gama ya gama. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka maganinsu iri ɗaya ne: a riƙa dubawa da wuri, a kuma yi tambaya kafin a miƙa.

Gara da yadda take shiga gida

Gara ƙwaro ce mai zaman jama'a a ƙarƙashin ƙasa ko a cikin shuri. Kowane gidan gara yana da uwa, wadda a manyan nau'o'in gara takan saka dubban ƙwai a kowace rana, ta kuma yi shekaru a raye. Wannan ne dalilin da ya sa kashe 'yan tsirarun da aka gani a jikin bango ba ya kawo ƙarshen matsalar. Abincinta shi ne itace, kara, ciyawa, tabarma, buhu da takarda. Ba ta jure rana da busasshiyar iska, shi ya sa take gina wa kanta siririyar hanya ta laka a jikin bango, ta bi ta ciki har ta kai ga rufi.

A farkon damina, bayan ruwan farko mai ƙarfi, masu fukafukan cikinsu kan fito da dare su yanyame fitila, su zubar da fukafukan, sannan su nemi wurin kafa sabon gida. A wannan lokaci ne ya fi dacewa magidanci ya zagaya gidansa. Alamomin da za a duba sun haɗa da hanyoyin laka a gindin bango, da tarin fukafukai a bakin taga ko ƙofa, da katakon da in an ƙwanƙwasa za a ji cikinsa fayau.

Kakanninmu sun san wannan ƙwaro sarai. Sun zaɓi azarar giginya wajen rufin soro saboda jurewarta, sun kuma ɗora rumbu a kan duwatsu don kada gindinsa ya taɓa ƙasa. A yau da ake yawaita rufin kwano da farin katako mai taushi, ya zama wajibi a ƙara kula. Muna ba da shawara kamar haka:

1. A cire kututture da saiwoyi daga fili kafin a sa harsashin gini, a kuma shafa wa katakon rufi magani kafin kafinta ya ɗora shi.
2. Kada a jingina itacen girki, karan gero ko na dawa da harawa a jikin bangon ɗakin kwana ko na rumbu.
3. A gyara indararo da magudanar ruwa, domin danshin gindin bango shi ne ke gayyato gara.
4. A ɗora buhunan hatsi a kan dakali ko katakon da aka ɗaga, a bar tazara tsakaninsu da bango.
5. Duk hanyar lakar da aka gani a kankare ta, a bi sawunta har inda ta fito, a sake dubawa bayan mako guda.

Dangane da magani, muna gargaɗi da babbar murya. Aldrin da dieldrin, waɗanda aka yi amfani da su a kan gara a da, suna cikin gubobin da Yarjejeniyar Stockholm ta shekarar 2001 ta haramta, kuma a shekarar 2009 aka ƙara da sinadarin da ke cikin gamalin. A sayi maganin da ke ɗauke da lambar rajistar hukumar NAFDAC kawai, a nemi shawarar malaman gona na hukumar KTARDA, kada kuma a zuba shi kusa da rijiya, madafa ko cikin hatsin da za a ci. Har ila yau, gara a gona tana da nata amfanin, domin tana mayar da kara da ganye ƙasa, tana kuma buɗe wa ruwa hanya. Daga gida da rumbu ake korar ta.

Akwai wata ɓarnar gara da ba a cika lura da ita ba. Magidanta da dama na ajiye takardun gona da na fili, takardar haihuwa, sakamakon jarrabawar yara da takardar lambar zama ɗan ƙasa a cikin akwatin katako ko kwali a ƙarƙashin gado. Gara na iya cinye su kafin damina guda ta fita, kuma rashin takardar gona kan jawo shari'a tsakanin magada. A sa takardu a leda mai kauri, a rufe su cikin akwatin ƙarfe, a ɗora shi sama da ƙasa. Wannan akwati zai tsare su daga gara, ya kuma tsare su daga idon da bai kamata ya gan su ba.

Satar bayanai da sojan gona

A yau sunan mutum yana tafiya ne da lambobi. Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a watan Fabrairun 2014. Hukumar NIMC, wadda aka kafa da dokar shekarar 2007, ita ke ba da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Kowace daga cikinsu alƙaluma 11 ce. A watan Disamban 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin a haɗa kowane layin waya da NIN na mai shi. Bugu da ƙari, ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon shekarar 2023 ya tilasta wa manoma, makiyaya da matan aure da yawa buɗe asusu da hulɗa da masu POS, alhali wasunsu ba su taɓa shiga banki ba.

Wanda ya mallaki waɗannan lambobi tare da layin wayar mutum yana iya kwashe kuɗin asusunsa, ko ya ci bashi da sunansa a manhajojin ba da rance, ko ya buɗe wani asusu ya riƙa karɓar kuɗin zamba. Mafi muni shi ne ya yi rajistar layi da sunan wani. Jama'ar wannan yanki ba su manta ba cewa a watan Satumban 2021 an rufe hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, saboda matsalar 'yan bindiga. Idan aka yi amfani da wani layi wajen neman kuɗin fansa, wanda sunansa ke kan layin shi jami'an tsaro za su fara nema, ko da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Hanyoyin da macuta ke bi sanannu ne. Wani zai bugo waya ya ce daga banki yake, za a rufe asusu in ba a karanto masa lambar da aka turo ta saƙo ba. Wani zai zo da takarda ya ce ana rubuta sunayen masu samun tallafin taki ko na kuɗi, ya karɓi BVN da hoton katin ATM. Wani kuma zai ba matashi 'yan kuɗi ƙalilan ya ari NIN ɗinsa ko asusunsa. Domin toshe waɗannan kafofi, a kiyaye da abubuwa kamar haka:

1. Banki ba ya tambayar lambar sirrin katin ATM ko lambar da ya turo ta saƙo, wadda ake kira OTP. Duk wanda ya tambaya, a kashe wayar.
2. A wurin mai POS, mutum ya danna lambarsa da hannunsa, ya kare da ɗaya hannun. Wanda bai iya ba ya tafi da ɗansa ko amintaccen ɗan'uwansa. Kada a rubuta lambar a jikin kati.
3. Kada a sayi layin da aka riga aka yi wa rajista, kada kuma a yi wa baƙo rajista da sunan kai.
4. A sa wa waya da layin kansa lambar kulle, musamman a ranakun cunkoso irin na kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma.
5. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani kan sake sayar da shi ga wani. Wanda ya sauya layi ya je banki ya sauya lambar da ke kan asusunsa.
6. Idan an kai takarda shagon kwafi, a karɓo har wadda ta lalace. Kada a bar takarda mai ɗauke da lambobi ta zama abin ƙunshe ƙosai ko tsire.

Doka tana bayan wanda aka zalunta. Dokar hana laifukan intanet ta shekarar 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri da tara ga mai yin sojan gona da bayanan wani. Haka nan dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba kowa 'yancin tambayar dalilin da ya sa ake karɓar bayanansa.

Talla da alkawarin da ba a nema ba

Karɓar baƙo da taimakon mabukaci ɗabi'unmu ne da addini ya ƙarfafa, ba kuma muna kira a bar su ba ne. Sai dai macuta sun san wannan hali namu, da shi suke fakewa. Akwai masu yawo gida-gida da maganin feshi a gorar da babu suna, suna cewa yana kashe gara har abada. Akwai masu tallar maganin da wai yana warkar da kowace cuta. Akwai masu ɗauke da takardar neman taimakon ginin masallacin da ba wanda ya san inda yake. Sannan akwai masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Tsarin MMM ya durƙushe a watan Disamban 2016, na CBEX kuma a watan Afrilun 2025, kowannensu ya tafi da dukiyar ɗimbin 'yan Nijeriya. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Alama mafi girma ta mayaudari ita ce gaggawa: zai ce yau ne za a rufe, kada a gaya wa kowa. Mai gaskiya ba ya ƙin a ce masa ya dawo gobe. A tarbi baƙo a zaure ko ƙofar gida, a tambaye shi katin aikinsa da wanda ya turo shi, a kuma tambaya ko mai unguwa ya san da zuwansa. A sanar da mata da yara kada su fito da takardu ko waya idan maigida ba ya nan. A kuma sani cewa rajistar NIN ta farko kyauta ce, kuma ba a sayen gurbin tallafin gwamnati da kuɗi.

Game da saƙonnin talla da ke damun mutane a waya, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta samar da mafita tun shekarar 2016. A rubuta kalmar STOP a aika zuwa 2442. Idan kamfanin layi bai share wa mutum hawaye ba, ana kai ƙara ga hukumar ta lamba 622 kyauta.

Idan abin ya riga ya faru

Kada kunya ta sa a yi shiru, domin malamai da ma'aikata ma an yaudare su. Wanda wayarsa ta ɓace ko ya faɗi lambarsa ga wani, ya sa a rufe asusun da layin nan take. Kowane banki yana da hanyar rufe asusu ko da daga wayar wani ne, ya kamata a tambayi hanyar tun yau a rubuta a ajiye. Daga nan a kai rahoto ofishin 'yan sanda na Dutsin-Ma ko na Kurfi, a riƙe saƙonnin da lambar da aka kira da ita a matsayin shaida. Ƙorafin da banki bai warware ba ana ɗaukaka shi zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Bankin Nijeriya, zambar kuɗi kuma ana kai ta hukumar EFCC.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga masu girma hakimai, magaddai da masu unguwanni da kada su bari a tara jama'a ana karɓar lambobinsu sai sun ga takarda daga ƙaramar hukuma, sun kuma tabbatar da ita da kansu. Kansiloli da ma'aikata su riƙa sanar da kowane shiri na gwamnati a fili, da ranarsa da wurinsa, don kada a bar wa masu jita-jita fage. Limamai su saka wannan faɗakarwa cikin huɗuba, shugabannin makarantu da na asibitocin karkara su duba rufi da ɗakunan ajiyar takardu kafin faɗuwar damina. Jami'an tsaron al'umma da Gwamnatin Jiha ta ƙaddamar a watan Oktoban 2023 su ma a sanar da su duk baƙon da ba a gane take-takensa ba, ba tare da an ɗauki doka a hannu ba.

Daga ƙarshe, muna roƙon duk wanda ya karanta wannan bayani ya isar da shi ga waɗanda ba su iya karatu ba, a majalisa, a masallaci da cikin gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana gidajenmu da dukiyoyinmu, Ya ba Jihar Katsina da ƙasa baki ɗaya zaman lafiya mai ɗorewa, amin.