Famfon ruwan Fijo da darasin da ke Unguwar Rogo

Duk wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40, ya san cewa ran mota yana cikin ruwanta. A irin wannan yanayi ne na tarar da wani dattijon bakanike a Unguwar Rogo, ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, ya kwance famfon ruwan wata tsohuwar Peugeot 504, wadda muka fi sani da Fijo. Mai motar kuwa direban haya ne a hanyar Illela, kuma da ita yake ciyar da iyalinsa.

Mai karatu zai iya tuna cewa a Faransa aka fara ƙera wannan mota a 1968, kuma kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya soma harhaɗa motoci a 1975, shi ya mayar da ita motar gwamnati da ta 'yan kasuwa. Shekaru da dama ke nan da daina ƙera ta, don haka kayan gyaranta na asali sai an tona.

Aikin famfon ba shi da wuyar fahimta. Fanbel ne ke juya shi, farfelar da ke cikinsa ta tura ruwa ya zagaya inji, ya kwashe zafi, ya je lagireto ya huce, sannan ya dawo. Abu biyu ne suka fi kashe shi: boris da robar da ke tare ruwa. Idan robar ta cinye, ruwa zai riƙa ɗiga ta wata 'yar ƙofa da ke jikin famfon. Idan boris ne, za a ji ƙara, a ga fule yana rawa. Direban da ya yi biris da waɗannan alamu, to gaskit zai ƙone, wani lokaci kan injin ma ya lanƙwashe.

Dattijon bai ce a sayo sabo ba. Ya zare sandar da na'urar matsi maimakon guduma, ya kankare tsatsa, ya sa sabon boris da sabuwar roba, ya mayar da farfela da 'yar tazara don kada ta goga jikin famfon, ya yanka sabon gaskit da hannunsa. Sannan ya gargaɗi direban kan abu biyu: ɗaure fanbel fiye da kima, wanda ke cinye boris, da ɗura ruwan rijiya zalla ba tare da maganin hana tsatsa ba.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, cikin yaran garejin babu wanda ya tsaya kallo. Sun saba da cire tsoho a ɗaura sabo. Alhali tun 2023, da aka janye tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tsadar da ta fi ƙarfin ƙaramin direba. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma mu ga shi muna zubar da tamu.

Saboda haka ina kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da makarantun koyon sana'a na jihar Sakkwato da su jawo irin waɗannan dattawa su koyar, a biya su haƙƙinsu, a kuma rubuta abin da suka sani. Ƙungiyoyin kanikawa su ma su daina yaye yaron da bai iya farfaɗo da famfo ko guda ba. Hannun da ya iya wannan shi zai iya gyara injin ban-ruwa a fadama da janaretan asibiti.

Kafin la'asar Fijon ta tashi, ba ɗigon ruwa ko ɗaya a ƙarƙashinta. Dattijon kuwa gemunsa ya yi fari fat, idonsa ya soma rauni. Allah Ya sa mu farga kafin ilimin ya bi shi kabari.