Kada Mu Bari a Ƙone Ƙyallayen Tela



Sanyin hunturu yakan tsananta a Disamba da Janairu, tsofaffi da jarirai ne suka fi shan wuya. A lokacin ne kuma ƙyallaye suke taruwa wurin teloli saboda ɗinkin Kirsimeti, a share a ƙone. In an harhaɗa su, bargo ne. Amma abin da aka tara bana sai baɗi zai yi amfani, saboda haka ajiya ce babban aiki.

Da farko a raba na auduga da na roba. A cire zare ɗaya a sa masa wuta: auduga takan zama toka, roba kuwa ta narke ta dunƙule. In an gauraya su, audugar ta tsuke bayan wanki, bargon ya tattare.

A wanke su, masu duhu dabam, domin wata atamfa tana zuba. Su bushe sarai. Sa'an nan a kasa su uku: masu faɗin tafin hannu don fuskar bargo, dogaye don bakinsa, ƙanana don cika matashin kai.

A zuba a bokiti mai murfi tare da busasshen ganyen darbejiya, a ɗora bisa benci nesa da bango saboda gara da danshi. Da damina, in rana ta buɗe, a shanya su.

Zumuntar Mata ta fara ɗinki a Oktoba. Dokas ta Yafa, a Ayyukan Manzanni sura 9, da ɗinki ta yi wa gwauraye hidima. Ubangiji ya ba mu irin zuciyarta. Amin.