Farantin sola na roba: yadda ƴan mintocin bushewa ke yanke ƙarfin wutar da zai bayar

A Bilma, masu haƙar gishiri sun daɗe da sanin cewa aikinsu ya dogara da yadda rana ke ƙafar da ruwa a cikin ramuka. Ruwan na raguwa, ƙwayoyin gishiri na fitowa, daga nan a tara su a yi kantu. Wannan ƙa'ida ce masana kimiyya a Amurka, Turai da Sin suka shafe fiye da shekara 20 suna fama da ita, a ƙoƙarinsu na ƙera farantin sola da roba, marar nauyi, wanda za a iya naɗe shi kamar tabarma.

Batun ya shafi Nijar kai tsaye. Lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turowa a watan Agustan 2023, birane irin su Yamai, Maradi da Damagaram sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma jama'a da dama sun koma ga sola. Ƙasar na da tashar Malbaza mai megawat 7 da ta Gorou Banda mai megawat 30, amma farantan da ke waɗannan tashoshi da na kan rufin gidaje na silikon ne. Kafin a samu silikon mai tsabta sai an narkar da shi a zafin da ya haura digiri 1,400, kuma farantinsa na da nauyi saboda gilashi da ƙarfen da ke riƙe shi.

Farantin roba ba ya buƙatar wannan wuta. Tushensa binciken Alan Heeger, Alan MacDiarmid da Hideki Shirakawa ne, waɗanda suka nuna a 1977 cewa wasu nau'o'in roba na iya ɗaukar lantarki, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2000. Ana narkar da irin wannan roba, da ake kira polima, a cikin wani ruwan sinadari har ta zama kamar tawada. Sai a shimfiɗa ta a kan gilashi ko leda, a bar ruwan ya tashi a iska. Abin da ya rage shi ne falle siriri, wanda kaurinsa bai wuce nanomita 100 zuwa 200 ba, wato silin gashi ɗaya ya ninka shi sau ɗaruruwa.

A nan ne gizo ke saƙa. Ƙwayoyin polima dogaye ne kamar zare. Muddin suna cikin ruwan, suna yawo ne a sake. Idan ruwan ya tashi da sauri, sai su daskare a inda suke, a cukurkuɗe kamar zaren da yaro ya yi wasa da shi. Idan kuwa ya tashi a hankali, suna samun lokacin miƙewa su jeru kusa da juna, su yi tsarin da masana ke kira kiristal. Lantarki na tsallakawa daga zare zuwa zare cikin sauƙi a inda suka jeru, yana kuma maƙalewa a inda suka harɗe.

Shi ya sa zaɓen ruwan narkarwa ke da muhimmanci. Kulorofom na tafasa a digiri 61, don haka yana ɓacewa cikin ƴan daƙiƙoƙi. Kulorobenzin sai ya kai digiri 132, daikulorobenzin kuma 180. A 2004, masu bincike a jami'ar Kambirij ta Ingila sun nuna cewa polimar da ake kira P3HT ta fi jeruwa da ɗaukar lantarki idan aka narkar da ita a ruwan da ba ya saurin tashi.

Shekara guda bayan haka, ayarin Farfesa Yang Yang na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ya gwada dabara mai sauƙi. Bayan sun shimfiɗa tawadar, sai suka rufe ta a cikin ƙaramin kwanon gilashi don tururin ya taru, bushewar ta ɗauki mintoci maimakon daƙiƙoƙi. Farantin da suka samu ya mayar da kashi 4.4 cikin 100 na hasken rana zuwa wuta, sakamakon da ke sahun gaba a wancan lokaci. Ba su sauya sinadaran ba. Lokacin bushewa suka tsawaita.

Sai dai jinkirin ma na da iyaka. Fallen haɗi ne na abubuwa biyu, mai ba da lantarki da mai karɓa. Idan haske ya bugi polimar, ƙarfin da ya haifar ba ya tafiyar da ta wuce kimanin nanomita 10 kafin ya mutu, don haka dole ya tarar da mai karɓa a kusa. Idan bushewa ta yi jinkiri fiye da kima, abubuwan biyu sai su ware kamar mai da ruwa, kowanne ya dunƙule a gefensa, ƙarfin ya salwanta a hanya. Ana son zaren ya jeru, amma jerin kada ya yi faɗi.

Don daidaita wannan, masu bincike a Santa Barbara, ciki har da Heeger, sun diga ɗan wani ruwa mai jinkirin tashi a cikin tawadar a 2007. Babban ruwan ya tafi, ɗan digon ya tsaya yana sassauta haɗin har ya zauna daidai. Ingancin farantin ya tashi daga kashi 2.8 zuwa 5.5. Da sababbin sinadarai, musamman Y6 da ayarin Yingping Zou ya fitar a birnin Changsha na Sin a 2019, ƙananan farantan gwaji sun haura kashi 19.

Duk da haka, hanyar zuwa kasuwa da sauran tafiya. Abin da ya bushe daidai a kan gilashi mai faɗin farce ba lalle ya bushe haka a masana'anta ba, inda leda ke gudu a kan nadi ana busa mata iska mai zafi. Ruwayen da suka fi ba da sakamako kuma masu guba ne, ana neman madadinsu. Kamfanin Konarka na Amurka, wanda ya sa gaba wajen sayar da irin wannan faranti, ya durƙushe a 2012.

Ga mai zama a Tawa ko Agadas, babbar tambayar ita ce zafi. Farantin da ke kan rufin kwano a watan Afrilu na iya wuce digiri 60, kuma a irin wannan zafi ƙwayoyin robar na ci gaba da motsi a hankali, tsarin da aka samu lokacin bushewa yana lalacewa. Farantin silikon ana ba shi garantin shekara 25, na roba bai kai nan ba tukuna. Saboda haka matashin da ke ƙetare yana shirin aiko wa iyaye kuɗin sola, silikon ne zaɓinsa a yau. Ga ɗaliban kimiyya na jami'ar Abdu Mumuni, wadda ke ɗauke da sunan masanin da ya jagoranci binciken makamashin rana a Nijar, gwada waɗannan faranta a zafi da ƙurar Sahel fili ne da ke buɗe.